Wa Ka Yafe Wa, Malam?

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Wanda Ya ba mu aron Malam Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Malaminmu na Sifaniyanci, wanda mutanen unguwa suka fi sani da Malam Tafinta, ya rasu a ɗaki na shida na sashen maza, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar kwana tara. Ina tsaye a gefen gadonsa lokacin. Ni kaɗai ce a ɗakin na fahimci maganarsa ta ƙarshe, kuma har yau ban tabbata na isar da ita daidai ba. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Malam, bari in yi maka magana kai tsaye, kamar kana zaune a bayan teburinka.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara hawa matakalar da ke kai wa ajinka, a saman shagon mai gyaran agogo. Ba karatu ya kawo ni ba. Aikina ɗibar jini ne a ɗakin gwaji na asibiti, ba abin da ya haɗa ni da harshen wasu mutane. Ƙanina, Auta, ya tafi wata ƙasa mai nisa inda ake Sifaniyanci, ya samu aiki a jirgin kamun kifi. Muka yi wata huɗu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai ga wasiƙa shafi ɗaya, rubutun hannu, daga matar da yake haya a gidanta. Na sa ta a manhajar fassara ta waya, ta ba ni magana mai harshen damo: a nan kamar an same shi, a can kamar ba a same shi ba. Wata abokiyar aikina ce ta ce akwai wani tsoho da ya yi shekara ashirin da biyu yana tafinta a jiragen ruwa, in je in same shi.

Ina iya ganin ɗakin har yanzu. Allon fenti ne kawai aka shafa a bango. Kujeru shida, fanka mai ƙara kamar tana ƙirga daƙiƙu, taga ɗaya mai kallon bayan tashar mota, da taswirar teku wadda rana ta cinye shuɗinta. Ka sa tabarau ɗinka mai ɗaurin zare, ka karanta wasiƙar sau biyu leɓɓanka suna motsi. Daga nan ka kai ta hancinka ka shinshina, abin da ya ba ni tsoro a lokacin. Ka ce, “A bakin ruwa aka rubuta wannan. Zauna, 'yata.”

Ka gaya mini Auta ya faɗa teku ana cikin jan taru, kuma ba a gan shi ba. Na ce, “Ya mutu ke nan?” Ka ce, “Wasiƙar ba ta ce haka ba, ni kuma ba zan sa mata a baki abin da ba ta faɗa ba.”

Ka tashi ka kwafe layi biyu a allo. Na farko: Cuando lo encuentren, le escribiré. Ka ce ma'anarsa, in sun same shi zan rubuto miki. Na biyu: Cuanto más tiempo pase, menos esperanza habrá. Wato, gwargwadon yadda lokaci zai tsawaita, gwargwadon yadda fata za ta ragu. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar pase, ka ce in dubi harafin ƙarshe. Ka bayyana mini cewa mutanen nan kalmar aikinsu riga biyu gare ta. Akwai wadda take sawa in mai magana ya ga abu da idonsa, ko ya tabbata yana faruwa. Ita ka raɗa wa suna aikatau na tabbas. Akwai kuma wadda take sawa in abin bai riga ya faru ba, ana jira ne, ko ana fata, ko ana tsoro. Ita ce aikatau na jira. Da matar ta rubuta pasa, da tana gaya mana ne fata tana ƙarewa a gaban idonta. Amma pase ta rubuta. Gaba take hange. Ranar da ta riƙe alƙalami, ba ta riga ta fid da rai ba.

A kan wannan harafi ɗaya na rataye zuciyata, Malam, kuma ka san haka. Ba ka ƙara mini komai a kansa ba, ba ka kuma rage ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, yau zan faɗa. A ranar na roƙe ka ka bi ni gida ka gaya wa Ummanmu cewa wasiƙar ta ce Auta yana asibiti, yana samun sauƙi. Tana da hawan jini, ina tsoron kada labarin ya kwantar da ita. Ka ƙi. Ka ce kai ma ka taɓa rubuta irin wannan wasiƙa zuwa ga iyalin wani da ruwa ya ci a jirginku, kuma ka san nauyin kowace kalma a cikinta. Na miƙe na ce maka, “Kai ba ka da zuciya, haruffa kawai ka sani.” Na buga ƙofa har na ji alli ya faɗo daga gefen allo. Tsoho sa'an ubana na gaya wa haka.

Bayan mako uku sai ga ka a layin ɗakin gwaji, riƙe da takardar awon sukari. Da layi ya zo kanka ka naɗe hannun riga ka miƙo mini, ka ce, “Likita, a ɗiba a hankali. Jinin mara zuciya ba shi da yawa.” Na rasa inda zan sa fuskata. Tun daga ranar Likita kake kira na, ko da yake ka san allura da kwalba kawai na iya. A yammacin ranar ka zo gidanmu, ka zauna a tabarma nesa kaɗan da Umma, ka karanta mata wasiƙar yadda take, kalma bayan kalma, a hankali, kana tsayawa duk inda ta buƙaci numfashi. Ba ta faɗi ba. Da ka gama ta ce, “Na gode da ba ka mai da ni yarinya ba.” Ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ba ka haƙuri ba. Na bar abin ya bi ruwa, kai ma ba ka sake tayar da shi ba.

Kai ka ce in zo in koyi harshen, don in riƙa rubuta wa mutanen can da hannuna. Haka na zama ɗaya daga cikin masu zama a kujerun nan shida, tare da direbobin manyan motoci biyu, da wata mai sayar da yadi, da wani ɗan fansho da ya ce shi dai ba ya so ƙwaƙwalwarsa ta yi tsatsa. Ba ka taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. In mutum ya yi kuskure sai ka cire tabarau ka goge shi da gefen riga, mu kuma duk mu san an yi ɓari. A aji usted kake ce wa kowannenmu, kalmar da suke girmama mutum da ita, har da ni da ka haifi wanda ya girme ni. Da mai yadi ta tambaye ka dalili, ka ce wanda ya bar kasuwarsa ya hau matakala goma sha huɗu don neman sani ya cancanci a girmama shi.

Ginin jimlar nan na cuanto más shi ne abin alfaharinka. Ka ce duk wanda ya iya shi ya iya auna abu da abu, wanda kuwa ya iya auna abu da abu ya kama hanyar hankali. Da shi kake yi mana ba'a. Ka ce wa babban direban nan mai ƙiba, “Cuanto más come, más duerme,” wato yadda yake ƙara ci haka yake ƙara barci, kuma ka ce ka sa aikatau na tabbas ne domin da idonka ka gani. Ajin ya fashe da dariya, shi ma har da riƙe ciki. In ka juyo kaina kuwa sai ka ce, “Cuanto más lea, más entenderá.” Gwargwadon yadda za ki karanta, gwargwadon yadda za ki fahimta. Wannan karon na jira ka sa, domin a cewarka har yanzu ba ka ga na karanta komai ba.

Kowace shekara nakan rubuta wasiƙa: ga matar mai gidan haya, ga ofishin tashar jiragen ruwa, ga duk wanda aka ce yana iya sanin wani abu. Kana gyara mini da jan biro. Amsa ba ta taɓa zuwa ba, ko ɗaya. A shekara ta bakwai Umma ta rasu tana jira. Ka zo gaisuwa da ƙafa, cikin ruwan sama, lemarka ta karye a hanya.

A hankali na san gidanka. Mama, matarka, ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Ita ce ta gaya mini, wata rana muna yankan albasa a kicin, abin da ya fi ci mata rai. Lokacin da ka dawo daga teku dawowar ƙarshe, ka zo da akwati cike da takardu da rubutun da ba ta iya karantawa. Zuciya ta raya mata wasiƙun wata mace ne daga can. Kana fita ta kwashe su ta cinna musu wuta a bayan gida. Ashe ƙamus ne na Hausa da Sifaniyanci da ka yi shekara goma sha biyar kana haɗawa a cikin jirgi. Ta ce ka dawo ka tsaya a kan tokar, ka daɗe kana kallo, sannan ka tambaye ta ko abincin rana ya sauka. Ba ka sake ambaton zancen ba. Ta ce mini, “Da ya mare ni, 'yar nan, da tuni na warke.”

Na kuma san labarin babban ɗanka, wanda ake kira Injiniya saboda gyaran janareta da yake yi. Ya tashi kana teku, sau ɗaya yake ganinka a shekara biyu. Shekara shida da suka wuce wata 'yar magana ta haɗa ku a gaban baƙi, ya ce shi dai ya san wanda ya haife shi, amma uba bai yi ba. Ya fita bai sake taka gidan ba. Gari ɗaya kuke, in ya hango ka a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Ba ka taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba. Amma na lura duk ranar da janaretan mai agogo ya lalace, sai ka tsaya a taga kana leƙen wanda aka kira ya gyara.

Ranar Litinin da safe ka faɗi a gaban allo, alli a hannunka. Likitoci suka ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye. Sai a kwana na uku ka buɗe ido. Mama ta sunkuya ta yi maka sannu, ka dube ta da idon wanda ya san ta sarai, ka buɗe baki, sai Sifaniyanci ya fito. Hausa ta tafi. Harshen da aka yi maka raɗa da shi a kunne, wanda ka yi shekara saba'in da huɗu kana mafarki da shi, ya ɓace kamar an share allo. In an yi maka magana da shi sai ka ƙura wa bakin mutum ido, kamar kana jin ƙarar ruwa. Babban likita ya ce abu ne da yakan faru jefi-jefi, harshe ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya. Abin da ya sanyaya mana zuciya shi ne salati da kalmar shahada da karatun salla suna nan a bakinka, ba abin da ya taɓa su.

Mama ta aiko aka kira ni daga ɗakin gwaji. Haka na zama tafintan Malam Tafinta. Yana son ruwa. A ɗaga masa matashi. Yana tambaya ko azahar ta yi. Shekara hamsin da aure, amma sai ta bakina matarka take jin cewa kana jin ƙishirwa.

A kwana na bakwai, da tsakar rana, rana ta cika ɗakin fal, wata ma'aikaciyar jinya ta shigo za ta ɗauki farar kujerar roba da ke jikin taga ta kai wani ɗaki. Ka ɗaga hannunka mai lafiya ka tsai da ita. Ka ce mini in gaya mata akwai mutum a kai. Na dubi kujerar. Babu komai sai hasken rana. Ma'aikaciyar ta yi murmushin da ake yi wa marasa lafiya, ta saki ta fita.

Ka gyaɗa wa kujerar kai kamar mai amsa gaisuwa. Ka dube ta, ka dube ni, ka sake duban ta. Sannan ka ce, da murya sarai, ba irin ta mai ruɗewa ba, “Cuanto más lo miro, más se parece a usted.”

Yadda nake ƙara kallonsa, haka yake ƙara kama da ke.

Malam, miro ka ce, ba mire ba. Na tabbas ka sa. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ka sa shi a kan abin da ba ka gani ba, ko da wasa.

Ka ci gaba. Ka ce girarsa ta hagu a tsage take. Auta yana ɗan shekara biyar ya faɗa kan ƙarfen gado, girarsa ta hagu ta rabe biyu, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Ban taɓa gaya maka ba. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu, yana cikin akwatin Umma, kuma a cikinsa ya ja hula har ta rufe goshinsa. Ka ce rigarsa a jiƙe take, a kashe fanka don yana jin sanyi. Daga nan ka karkata kai kamar mai saurare, ka ce, “Ya ce kada ki sake rubutawa. Ya ce ya isa haka.”

Mama ta taɓa kafaɗata ta ce, “Me yake cewa?” Na ce, “Cewa ya yi a kashe fanka, ana jin sanyi.” Ta tashi ta kashe. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma ka dube ni kamar ka gane. Da tabarau na fuskarka, na san da ka cire shi ka goge.

Da kowa ya fita salla na je na ɗora tafin hannuna a kan kujerar. Rana ta yi awa uku tana dukanta, amma ban ji ɗumi ba. Wataƙila hannuna ne ya mutu don tsoro. Na tambayi babban likita, ya ce ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo takan haɗa fuskoki daga abin da ta taɓa ji, kuma wataƙila na taɓa ambaton tabon na manta. Na tambayi limamin masallacin asibiti, ya ce gaibu na Allah ne, in yi wa mara lafiya addu'a, in yi wa wanda ya ɓata addu'a, kada in gina komai a kai. Na karɓi maganarsu duka, ba na kuma da'awar komai. Abin da na gani kawai zan faɗa. In ban da su biyun, ban gaya wa kowa abin da ka ce ba, amma daga ranar babu wanda ya sake zama a kujerar. Masu dubiya sukan cika ɗakin, wasu a tsaye, wasu a bakin gado, tsofaffi da ciwon gwiwa suna jingina da bango, ita kuwa tana nan fayau. Mai shara ma zagaye ta take yi da tsumma, ba ta matsar da ita.

Ranar Talata da hantsi Injiniya ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa da kayan aiki, baƙin mai a faratansa, da alama daga shago ya taso bai tsaya shawara da zuciyarsa ba. Mu uku ne kawai a ɗakin da kai: ni, da Mama, da shi. Ya duba inda zai zauna, ya nufi kujerar. Ka yi wani sauti mai ƙarfi daga maƙogwaro. Ya tsaya cak, fuskarsa ta canza, ya juya zai fita. Na ce, “Yaya, ba kai yake kora ba. Wallahi ba kai ba ne. Matso ta nan.”

Ya durƙusa a gefen gadon. Mutum ne mai shekara arba'in da biyar. Ya ce, “Baba, ka yafe mini.” Ka ƙura wa bakinsa ido, ba ka gane ba. Sai da na mayar maka da Sifaniyanci. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba: ɗa yana neman gafarar ubansa, kuma sai ta bakin bare za ta isa. Mama ta fashe da kuka ta ce, “Ni ma ki gaya masa. Takardun nan. Ki ce masa takardun nan.” Na gaya maka. Tun da ba mai jin abin da nake faɗa sai kai, na ƙara nawa a ƙarshe, a hankali: maganar da na gaya maka ranar da na buga ƙofa.

Idonka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ɗanka, matarka, ni. Sannan ya wuce kan kujerar, a can ya fi daɗewa. Ka karkata kai. Ka ce, “Se lo perdono.”

Dole in tsaya in yi wa mai karatu bayani, yadda ka yi mana. Perdono shi ne “na yafe”. A Hausa in ka yafe sai ka nuna wa: na yafe masa, na yafe mata, na yafe miki, na yafe muku, na yafe musu. Ba ka da hanyar ɓoyewa. Su kuwa 'yar kalma ɗaya, le, ita ce masa, ita ce mata, ita ce kuma maka ko miki ta girmamawa. In mutanen suna da yawa ta zama les. Idan kuma ta haɗu da lo, wato abin da aka yafe, sai duka biyun su rikiɗe su zama se. Daga nan ba ka sanin namiji ne ko mace, ɗaya ne ko goma, wanda ke gabanka ne ko wanda ba ya nan, sai mai magana ya ƙara a él ko a ella ko a ustedes, wato shi ko ita ko ku, ya fayyace. Kai kuwa ba ka taɓa barin ɗalibi ya ajiye se tsirara ya wuce ba. Sai ka ƙwanƙwasa allo ka ce, “¿A quién? Wa?”

Na sunkuya na tambaye ka, “¿A quién, Malam?”

Ɓarin fuskarka mai rai ya yi murmushi, irin wanda kake yi in ɗalibi ya yi tambayar da ta dace. Leɓɓanka suka motsa. Na kai kunnena, na ji kalmar shahada ce. Ka maimaita ta sau biyu, ta biyun ba ta da sauti. Shi ke nan.

Mama ba ta riga ta gane ka tafi ba. Ta riƙe hannuna ta ce, “Me ya ce? Don Allah me ya ce?” Injiniya ya ɗago kai yana kallon bakina. Hausa ba ta ba ni wurin fakewa ba, dole in zaɓa. Na ce, “Ya ce ya yafe muku.” Injiniya ya kifa goshinsa a kan zanin gadon. Mama ta ce alhamdu lillahi, sannan ta dubi ƙirjinka ta ga ba ya motsi.

Bayan kwana uku Injiniya ya tare ni a ƙofar gidanku, ya ce, “Ƙanwata, tsakaninki da Allah, da ni yake ko da Mama?” Na ce masa zan ba shi amsa a rubuce, don bakina ba zai iya ba. Ga ta, Yaya. Kalmar da mahaifinka ya yi amfani da ita tana ɗaukar ka, tana ɗaukar Mama, tana ɗaukar ku biyun tare, tana ɗaukar ni. Bai ware kowa ba. Ko numfashi ne ya ƙare masa kafin ya fayyace, ko da gangan ya bar ta a buɗe, ban sani ba. Muku da na ce zaɓina ne, ni zan amsa shi gaban Allah. Amma abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne perdono ya ce. Bai ce yana fata zai yafe ba, bai ce in an yi kaza zai yafe ba. Yafewa ce da aka yi aka gama, kuma kana durƙushe a gabansa ya yi ta.

Saura abu ɗaya da yake hana ni sukuni, Malam, kuma kai kaɗai za ka gane shi. Ka koya mana cewa tafinta ba ya cewa “wai ya ce”. In mai magana ya ce “ni”, shi ma “ni” zai ce. Kafin ka furta kalmomin nan uku, ka karkata kai wajen kujerar yadda kake yi in kana sauraron wanda za ka fassara. Ni ce na matsa wa Auta ya tafi. Ni na ce masa ya tashi ya nemi abin yi ya daina zaman kashe wando a gida, kuma maganar ƙarshe ke nan da ya ji daga bakina kafin ya ɗauki jakarsa. Wannan ma ban taɓa gaya maka ba. Ban san maganar wa ka isar ba a safiyar nan. Bana dai ban rubuta wasiƙa ba, kuma ba zan sake ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi shekara ashirin da biyar tana jiran jirgi, ta kuma yi kwana tara a kan tabarmar asibiti ba ta yi ƙorafi ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya cire miki nauyin da kika daɗe kina ɗauka. Ga Injiniya da 'yan uwansa mata da 'ya'yansu, Allah Ya haɗa kanku, Ya sa ku zama masu yi masa addu'a. Yaya, ranar jana'iza na ga kai ka shiga kabarin ka karɓe shi da hannunka, baƙin man nan bai gama fita daga faratanka ba. Ga 'yan ajinmu, da mai gyaran agogo wanda har yanzu yake share matakalar kowace safiya, Allah Ya ba mu juriyar rashi.

Ya Allah, bawanKa ne ya zo gare Ka, wanda bai taɓa sa wa kowa magana a baki ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa amsa tambaya da harshen da Ka ga dama. Ka sa Aljanna ce makomarsa, tare da iyayensa da Ummanmu. Auta kuma, Kai Ka san inda yake, a tudu ko a ruwa. Ka jiƙan sa. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.